Kafin ka kama gidan hutu a karkarar Italiya

Tallace-tallacen gidajen haya a karkarar Italiya kusan hoto iri ɗaya suke nunawa: gidan dutse a kan tudu, layin dogayen itatuwa masu tsini, gonar inabi tana gangarawa kwari, da tebur a ƙarƙashin rumfa. Kuma ba ƙarya suka yi ba, wurin haka yake. Sai dai mai ɗaukar hoton ba ya juyawa ya ɗauki hanyar da ta kawo shi gidan, ba ya ɗaukar mitar wuta, balle shafin ƙarshe na yarjejeniya inda aka jera kuɗaɗen da ba sa cikin farashin da aka rubuta da manyan lambobi. A kan waɗannan ukun makon yake daɗi ko ya ƙare ana ƙunƙuni. Kyan gani kuwa, a yankunan Toskana da Umbriya na tsakiyar Italiya duk inda ka faɗa za ka same shi, don haka kada ka auna gida da shi.

Hanya tukuna

Kafin ka buɗe talla ko ɗaya, ka tsayar da magana a kan mota: za ka yi haya ka tuƙa da kanka, ko da jirgin ƙasa da bas za ka dogara? Amsar kaɗai za ta share maka rabin gidajen da ke kasuwa.

In ba za ka tuƙa ba, ka haƙura da gidan da ke tsakiyar gona, komai kyansa. Nemi sashe a garin da jirgi ke tsayawa a bakinsa. A nan ma da tarko, domin tsofaffin garuruwan a kan tsauni aka gina su, layin dogo kuwa kwari yake bi. Tashar da ke ɗauke da sunan Montepulciano tana da nisan kusan kilomita 10 daga garin. Ta Assisi tana can ƙasa a Santa Maria degli Angeli, ta Cortona tana Camucia a gindin tsaunin. Pienza, San Gimignano da Greve ba su da tasha sam. Waɗanda suka fi sauƙi ga marar mota su ne irin su Lucca, inda tasha take daf da ganuwa, da Orvieto, inda wani ƙaramin jirgi da ake ja da igiyar ƙarfe yake haurawa da mutane daga bakin tasha zuwa saman dutsen. Bas ɗin ƙauye don 'yan makaranta da ma'aikata aka tsara shi. A jadawali, *feriale* Litinin zuwa Asabar ke nan, *festivo* Lahadi da ranakun hutu, kuma a ƙauyuka da yawa layin Lahadin kusan fanko ne.

In kuwa za ka tuƙa, ka taho da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa haɗe da naka, domin doka tana neman sa, ko fassarar hukuma, daga wanda lasisinsa ba na Tarayyar Turai ba ne. Yawancin motocin haya giyar hannu gare su. Mai otomatik ta fi tsada kuma da wuri take ƙarewa. Ka ɗauki ƙarama. Babbar mota a lungun da aka yanka tun zamanin keken shanu wahala ce kawai.

Sai batun hanyar ƙarshe, wadda ta rabu da kwalta ta nufi ƙofar gidan. A talla za ka ga *strada bianca* ko *strada sterrata*, wato hanyar burji mai farar tsakuwa, wani lokaci ma ba za a ambace ta ba. Mita 300 ba abin damuwa ba ne. Amma kilomita 3 masu hawa da kwana-kwana, ana bin su sau huɗu a rana, a dawo cikin dare babu fitila ko ɗaya ga aladun daji suna tsallakawa, wannan kan sa mutum ya daina fita cin abincin dare tun kwana na biyu. Ruwan sama yana yanka ramuka a irin wannan hanya, kuma inshorar da ke zuwa da motar haya galibi ba ta ɗaukar taya da gilashi da ƙarƙashin mota. Wasu kamfanonin ma sun rubuta cewa ba su yarda a sauka daga kwalta ba. Don haka ka nemi mai gida ya turo maka ainihin inda gidan yake a taswira. Buɗe hoton tauraron ɗan'adam a Google Maps ka bi hanyar da ido har ƙofa, sannan ka auna tafiya zuwa kantin abinci, kantin magani, gidan mai da asibiti mafi kusa. Da mintuna za ka auna. A tsaunukan Chianti kilomita 20 tana cin minti 35 zuwa 40, kuma wanda ya rubuta maka cewa kilomita 25 ce kacal zuwa Siena gaskiya ya faɗa, bai dai faɗi sauran ba.

Wanda ya zaɓi sashe a cikin tsohon gari kuma yana da mota, tasa matsalar daban ce. Tsakiyar yawancin garuruwan yanki ne da aka taƙaita shigar motoci, ana kiransa ZTL. Alamarsa farar da'ira mai jan baki, da kyamara a sama tana karanta lamba. Ba wanda zai tsayar da kai. Sai bayan watanni tarar ta biyo ka, kamfanin haya ma ya cire nasa ladan daga katinka, kuma kowace shiga da tararta: ka zagaya sau uku kana neman ƙofar gida, tara uku ke nan. Ka tambayi mai gida ko gidan yana cikin ZTL, ko zai iya shigar da lambar motarka wurin hukuma don sauke kaya, da inda motar za ta kwana. A wurin ajiye mota, shuɗin layi a ƙasa na biya ne, rawaya an keɓe wa wasu, fari yawanci kyauta, amma a duba allo.

Sama ko ƙasa

Yawancin gidajen da ake haya a yau tsofaffin gidajen manoma ne. Shekaru aru-aru karkarar tsakiyar Italiya tana tafiya a kan noman raba-daidai, *mezzadria*: mai ƙasa ya ba da gona da gida, manomi da iyalinsa su yi aiki, a raba amfani. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu matasa suka riƙa kwarara birane neman aikin masana'antu, a 1964 kuma doka ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan. Gidaje da yawa suka zama kufai, sai daga baya aka gyara su aka yanka sashe-sashe don baƙi. A ainihin ginin, ƙasa wurin shanu ne da ɗakin ajiya, iyali a sama suke kwana, suna hawa ta matakalar waje.

Wannan fasalin yana nan har gobe. Sashen ƙasa, *piano terra*, kaurin bangonsa kan kai rabin mita ko fiye, tagoginsa ƙanana, yana riƙe sanyi kamar randa. A watan Yuli da Agusta babu kamarsa, ga ƙofarsa a kan lambu take buɗewa, abin da ya dace da masu ƙananan yara da tsofaffi. Amma yana da duhu, a Afrilu ko Oktoba kuma danshi kan taso daga ƙasa. In ka ga baƙi biyu ko uku sun ambaci warin danshi a sharhinsu, ka yarda da su. Sashen sama ya fi haske da iska, shi ne mai hangen da ke cikin hoton, sai dai in rufi ne kai tsaye a kansa, zafin rana a cikinsa yake kwana. *Primo piano* hawa ɗaya ne sama, matakalar kuwa ta dutse ce mai tsayi, wani lokaci babu abin dafawa. Mai ciwon gwiwa ya nemi hotonta kafin ya biya.

Akwai kuma bambanci tsakanin *agriturismo* da gidan hutu zalla. Na farkon suna ne da doka ta tsare tun 1985, aka sabunta a 2006: dole wurin ya zama gona mai aiki, noma kuma ya rinjayi saukar baƙi. Amfaninsa shi ne masu gida suna nan kusa. Wuta ta ɗauke ko ruwa ya tsaya, ƙofa kawai za ka ƙwanƙwasa. Sai dai ka shirya wa ƙarar tarakta da asuba, da karnuka, da maƙwabtan da za ku yi tarayya a lambu. *Casa vacanze* kuwa, wato gidan hutu zalla, sau da yawa mai shi yana wani gari, wani ne zai miƙa maka makulli ya tafi. Ka fi sakewa, amma abu ya lalace ranar Lahadi sai haƙuri. A ganina, wanda zai je karon farko kuma ba ya jin Italiyanci, ya fi masa ya sauka a gonar da ba ta wuce minti 10 daga gari mai kanti ba, ko ya kama sashe a gefen ƙaramin gari, bayan ganuwa, inda zai taka da ƙafa ya sayo burodi. Cikin garin ma da daɗi, in dai ƙararrawar coci ba za ta hana ka barci ba, don a wasu wuraren har cikin dare take bugawa.

Wajen ƙirga ɗakuna a yi hattara, Italiyawa har da falo suke ƙirgawa. *Bilocale* ɗakin kwana ɗaya ne da falo, *trilocale* biyu da falo. In aka rubuta 2+2, to biyun ƙarshe a kan kujerar falo da ake warewa za su kwana. Ga yara ba laifi. Ga manya biyu na tsawon mako kuwa ciwon baya ne, kuma duk wanda ya riga tashi ya shigo haɗa shayi sai ya tashe su. *Angolo cottura* kusurwa ce kawai a falo, mai murhu biyu ko huɗu da ƙaramin firij, ba lallai da oben ba, don haka mai niyyar girki da gaske ya tambayi yawan murhu da girman firij da tukwane. Gonakin nan da yawa na inabi ne, masu gida kuma sukan tari baƙo da kwalbar giya, wani lokaci har da yankakken naman alade. Wanda ba ya ci ba ya sha ya faɗa tun a saƙo. A kanti ma, in ka ga *strutto* a jikin leda, kitsen alade ne, yana shiga wasu nau'o'in burodi.

Wuta, ruwa, sanyi da zafi

A nan baƙi suka fi shan mamaki. Gidan zama na gama-gari a Italiya kilowat 3 ake ba shi, da ɗan rangwame zuwa 3.3. Oben yana jan wajen 2, injin wanki in yana dafa ruwa wajen 2, butar lantarki 2, na'urar busar da gashi 1.5 zuwa 2, tankin ruwan zafi 1.2 zuwa 1.5. Ka haɗa manya biyu a lokaci guda, mita ta yanke wuta. Babu abin da ya lalace, kashe abin da ya jawo za a yi a ɗaga makunni. Wahalar tana wajen gano makunnin. Akwai ƙaramin akwati a cikin gida, amma mitar kanta sau da yawa tana can bakin ƙofar shiga gona, a wani akwati da aka gina a jikin katanga, wataƙila ma a kulle. Ranar da ka iso, tun da sauran haske, ka sa a nuna maka duka biyun. Ka kuma tambayi kilowat nawa sashen yake da shi. Mai na'urar sanyaya ɗaki da murhun lantarki ya kamata ya kai 4.5 ko 6. Soket ɗin Italiya rami uku ne a jere, babba da ƙarami, ga kuma zagayayye irin na Jamus. Adafta mai siraran ƙafafu biyu tana shiga mafi yawansu.

Ruwa ma a tambayi daga inda yake zuwa. Wasu gidajen da ke nesa da gari da rijiya suke aiki, a yi wanka a yi wanki amma ba a sha. In ruwan zafi daga tankin lantarki yake, ka tambayi lita nawa ne. Tankin lita 80 wanka biyu ne zuwa uku, sannan a jira awa 3 ko fiye, don haka mutum 6 a kan tanki ɗaya rigima ce kowace safiya. Mai aiki da gas nan take yake dafa ruwa, ba ya ƙarewa. Bayan gida kuma galibi sokawe ne, ba ya ɗaukar komai sai takardar bayan gida. Audugar mata ko tsumman goge jarirai suka shiga, ya toshe, kuɗin gyara kuma daga ajiyar da ka ba mai gida saboda ɓarna za a cire.

Sanyi yana da dokarsa. An raba Italiya shiyya 6, daga A zuwa F, kowace da ranakun da aka yarda a kunna na'urar ɗumama gida. A shiyyar D, inda Firenze da Siena suke, daga 1 ga Nuwamba ne zuwa 15 ga Afrilu, awa 12 a rana. A shiyyar E, inda Perugia take, daga 15 ga Oktoba zuwa 15 ga Afrilu, awa 14. Magajin gari na iya ƙara kwanaki in sanyi ya tsananta. Wanda ya zo ƙarshen Afrilu ko farkon Oktoba yana iya tarar da rana mai daɗi a waje, da dare kuma sanyin gidan dutse ya shiga masa har ƙashi, mai gida ya ce ai ba lokacin kunnawa ba ne. A irin wannan lokaci ka nemi sashe mai murhun itace, ka tambayi kuɗin itacen da yawan barguna. In kuma lokacin kunnawa ne, ka lura ko an rubuta *a consumo*, wato iya abin da ka ƙona iya abin da za ka biya. Gidajen karkara da yawa da gas na tanki suke aiki, wanda ya fi na bututun gari tsada, babban ɗaki mai dogon rufi kuma yana shan gas ba kaɗan ba.

Da zafi kuwa, tsayin wuri yana aiki. Firenze a kwari take, a Yuli da Agusta zafinta yakan haura digiri 35. Montepulciano tana kan tudu mai tsayin mita 600, darenta ya fi sauƙi. Tsohon gida da ƙyauren taga ake sarrafa shi: a rufe ruf da hantsi, a buɗe bayan faɗuwar rana iska ta ratsa. Dabarar ba ta yiwuwa sai tagogin suna da ragar sauro, *zanzariere*, domin sauron can, musamman mai zanen fari da baƙi, ko da rana cizo yake yi. Tallar da ba ta ambaci raga ba, ka ɗauka babu. In an ce akwai na'urar sanyaya ɗaki, ka tambayi a wane ɗaki take. Guda ɗaya a falo ba ta kaiwa inda ake kwana. Ƙananan baƙaƙen kunamu kan fito daga tsagar bango. Dafinsu ba mai haɗari ba ne, amma a riƙa zazzage takalmi.

Intanet kuma kaurin bango yana kashe shi tsakanin ɗaki da ɗaki. Wanda zai yi aiki daga can ya sa a gwada gudunsa a cikin sashen da za a ba shi, a turo hoton sakamakon. Wurin ninƙaya yawanci daga ƙarshen Mayu ko Yuni zuwa Satumba ake buɗe shi, galibi ba a ɗumama ruwan, kuma masu yara su tambaya ko an kewaye shi, don ba kasafai ake samun mai tsaro ba.

Kuɗi da takarda

Farashin da ke saman talla mafari ne. A ƙarƙashinsa akwai kuɗin tsaftace gida bayan tafiya, *pulizia finale*, da na zanen gado da tawul da wasu ke karɓa a kan kowane mutum, da na ɗumama ko sanyaya gida, da na isowa a makare. Sai harajin kwana, *imposta di soggiorno*, wanda kowace ƙaramar hukuma ke yanka nata a kan kowane baƙo kowane dare. A ƙauyuka yawanci yuro 1 zuwa 3 ne, ana yafe wa ƙananan yara, kuma sau da yawa tsaba ake karɓa a hannu a ba ka rasit. A ce ku 4 ne manya, mako ɗaya a farkon Afrilu. Gida na farko yuro 750, na biyu 980 komai a ciki ban da haraji. A na farko ka ƙara 80 na tsafta, 60 na zannuwa, 140 na ɗumama gida a kan 20 kullum, da 56 na haraji a kan yuro 2: ya tashi 1,086. Na biyun da harajinsa 1,036. Mai arahar ya koma mai tsada. Ka sa mai gida ya rubuto maka jimilla guda, da abin da ke ciki da wanda ba ya ciki, ka ajiye saƙon.

In kai tsaye ka yi ciniki da mai gida, ba ta Airbnb ko Booking.com ba, za a nemi kafin alƙalami, yawanci kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Duba sunan da aka ba shi a takarda, domin hukuncin ya bambanta. *Acconto* wani ɓangare ne kawai na kuɗin da aka biya tun gaba. *Caparra confirmatoria*, wadda sashe na 1385 na Codice Civile, kundin dokokin hulɗar jama'a na Italiya, ya tsara, jingina ce a kan alkawari: ka fasa, ta zama ta mai gida, shi ya fasa, kana da haƙƙin neman ninkinta. Ita kuma *cauzione* ajiya ce saboda ɓarna, ana mayar maka ranar tafiya. Kada ka dogara da kwana 14 ɗin da dokar Turai ta ba mai sayayya ta intanet ya janye, ba ta shafi masaukin da aka tsayar wa rana ba. Wanda sai ya nemi bizar Schengen ta shiga Turai ya zaɓi gidan da ake mayar da kuɗi in an fasa, ya kuma karɓi takardar tabbaci mai ɗauke da sunaye, adireshi da ranaku, domin ofishin jakadanci zai nemi shaidar masauki.

Tun 1 ga Janairun 2025 dole kowane gidan da ake ba baƙi haya na gajeren lokaci ya mallaki lambar rajista ta ƙasa, CIN, wadda ke farawa da IT. Doka ta ce a sa ta a kowace talla, a kuma manna ta a wajen ginin, ana kuma iya bincika ta a shafin Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido. Dokar dai ta wajabta na'urar gano yoyon gas da iskar kabon monoksaid, da tukunyar kashe gobara, abin da ba wasa ba ne a gidan da ake ɗumamawa da gas ko itace. Tallar da ba ta da CIN, ni dai ko sisi ba zan tura mata ba. Haka wanda ya same ka a manhaja ya ce ku koma gefe ya rage maka, ko ya ce ka loda masa kati. Mai gidan gaske asusun banki yake bayarwa, sunan mai asusun kuma ya zo daidai da na kan yarjejeniya. In hankalinka bai kwanta ba, ka roƙe shi ya kira ka ta bidiyo ya zagaya da kai cikin gidan. Gani ya kori ji.

A Yuli da Agusta gidaje da yawa ba sa ba da ƙasa da mako, Asabar zuwa Asabar, kuma makon 15 ga Agusta, Ferragosto, shi ne ƙololuwar tsada, don Italiyawa kansu suna hutu. Mayu, Yuni da Satumba sun fi sauƙin kuɗi da zafi. Korayen tuddan Val d'Orcia da ake gani a hotuna na Afrilu da Mayu ne, bayan girbin alkama launin ƙasar ya canza. Lokacin farauta kuma yana buɗewa Lahadi ta uku a Satumba har ƙarshen Janairu, ban da Talata da Juma'a, don haka kada ƙarar bindiga da sassafe ta firgita ka, amma mai yawo cikin daji ya tsaya a kan hanya.

Ranar isowa kowa ya riƙe fasfonsa a kusa, har jarirai. Doka ta ɗora wa mai gida ya aika bayanan kowane baƙo ga 'yan sanda cikin awa 24, saboda haka neman fasfo ba shisshigi ba ne. Yawanci tsakanin ƙarfe 4 da 7 na yamma ake karɓar baƙi, babu ma'aikacin da ke zaune yana jira. In jirgi ya yi latti, ka kira. Ka tsaya a babban kanti irin Coop ko Conad kafin ka hau tudu, domin shagunan ƙauye suna rufewa daga wajen ƙarfe 1 zuwa 4 na rana, da yawa ba sa buɗewa ranar Lahadi, gidan kuma ba lallai ka tarar da ko gishiri ba. Kafin a kwance jaka, ku zagaya da mai gida: ku karanta mitar gas da ta wuta ka ɗauki hotonsu, haka duk abin da ka tarar a fashe, ka gwada ruwan zafi da murhu, ka karɓi lambar da za a kira da dare. Lambar gaggawa 112 ce.

Ka kuma sa ya yi maka bayanin shara. Galibi kashi biyar ake raba ta: ragowar abinci, takarda, roba, kwalba, da sauran tarkace. A wasu wuraren kowane iri da ranar da ake fitar da shi bakin hanya, a wasu kuma kai za ka kai shi a mota zuwa manyan kwandunan da ke mararraba. Ledar da aka cakuɗa ba a ɗauka, in tara ta zo kan mai gida take faɗawa, shi kuma ya waiwayo ajiyarka. Ranar tafiya yawanci ƙarfe 10 na safe ake son a bar gida, kuɗin tsafta kuma galibi bai haɗa da wanke kwanoni da kwashe shara ba. Ku sake karanta mita tare a yi lissafi a gabanka. In ajiyar tsaba ce ka karɓe ta kafin ka miƙa makulli, in a kati aka riƙe ta a rubuta maka kwana nawa za a ɗauka kafin a sake ta.